Akuyar Mashkura

Ranar da Malam Yusha'u ya yanke shawarar koya wa ɗiyarsa tattali, bai nemi shawarar kowa ba. Yana zaune bakin ɗakinsa a Achida yana shan kunu, babur ɗin da yake zuwa aiki Wurno da shi yana jingine jikin bango, sai Mashkura ta zo ta durƙusa da jakar makaranta a kafaɗa, ta miƙa hannu kamar kullum. Shekararta goma sha uku, tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Naira ɗari biyu ake ba ta kuɗin tara.

Ya dubi hannun, ya dubi kunun, ya ce, "Wai mi kike yi da kuɗɗin nan?"

"Awara nike saye, Baba. Wata rana rogo da ƙuli."

"Awara. To in kin ci ta, ina take zuwa?"

Mashkura ta san inda take zuwa, amma ba magana ba ce da ake faɗa wa uba da safe, sai ta sunkuyar da kai.

Malam Yusha'u yana da takardar difiloma, kuma jiya da yamma ya saurari wani shiri a rediyo kan yadda za a koya wa yara adana kuɗi. Mai shirin ya ce a bar yaro ya riƙa ajiye wani abu daga cikin abin da ake ba shi. Malam ya ga wannan rabin aiki ne. In ajiye kaɗan yana da amfani, ajiye duka ya fi.

"Daga yau ni za ni riƙe miki," ya ce. "In zango ya ƙare, in haɗa in saya miki akuya. Taki ta kanki. Kuɗɗin da kinka ci sun tahi ke nan, amma akuya haihuwa take yi."

Inna Adama, uwar Mashkura, tana bakin murhu. Ba ta juyo ba ta ce, "Malam, yarinya fa sai bayan azahar take dawowa."

"Ni da nike makaranta wa ab ba ni kuɗɗin tara? Ga ni nan ban mutu ba."

Gaskiya ne, bai mutu ba. Da wannan hujja aka rufe maganar. Khalid, yayan Mashkura, ya fito yana gyara kwalar riga, ya karɓi ɗari biyar ɗinsa ya wuce. Shi ba a taɓa nasa ba, domin namiji ne, yana shiga cikin mutane, ga aski ga katin waya.

A makaranta in an kaɗa ƙararrawar tara, yara sukan yi dafifi bakin ƙofa wajen masu awara da ɗanwake. Mashkura sai ta koma gindin dogonyaro ta buɗe littafi. Litinin da Alhamis ba ta da matsala, cewa take azumi take yi. Sauran ranakun ta ce ramuwa ce. Ƙawarta Nafisa ta yi haƙuri da wannan bayani na ɗan lokaci, sannan wata rana ta zo ta tsaya kanta da leda a hannu.

"Ke wagga ramuwa taki ba ta ƙarewa? Ko tun kina goye kike shan azumi?"

Ta ajiye mata awara biyu a kan littafin ta tafi. Mai ya ɓata shafin. Mashkura ta cinye, ta lashe yajin da ya maƙale a takarda. Daga nan Nafisa takan raba nata biyu, har ranar da uwarta ta gane dalilin da ya sa take dawowa gida da yunwa, aka hana ta.

Da zango ya ƙare Malam Yusha'u ya cika alkawari, kuma duk wanda ya ce bai cika ba ya yi masa ƙazafi. Ranar kasuwar Achida ya shigo gida janye da 'yar jar akuya mai sheƙi, kunnuwanta a tsaye. Ya kira Mashkura gaban kowa ya danƙa mata igiyar.

"Ga awararki," ya ce.

Mashkura ta yi murna, murna ta gaske. Ta shafa bayan akuyar, ta kafa mata turke kusa da rumbu, ta wanke tsohon kwano ta zuba mata ruwa. Maƙwabta suka leƙo suna sa albarka. A ranta ta ce da an buɗe makaranta za a koma ba ta ɗari biyunta.

Ranar komawa makaranta ta durƙusa ta miƙa hannu. Malam ya yi mata bayani cikin natsuwa cewa kuɗinta ba su kai kuɗin akuyar ba, shi ya cika daga aljihunsa, kuma bai kamata mutum ya fara arziki da bashi a wuya ba. Bayan haka akwai dusa, akwai harawa in rani ya yi, akwai kanwa.

"Mai bisa shi ka ciyar da bisa tai. Ko ni za ni ciyar miki?"

Sai kuɗin tara suka zama kuɗin dusa. Mashkura takan tashi da asuba ta share garke, ta dama dusa da ruwan tsari, in ta dawo makaranta ta ɗauki lauje ta nufi bakin fadama yankan ciyawa. Akuya ta yi kyau. Kowa ya shigo gidan sai ya faɗi haka.

Ita kuwa mai akuyar, ciki ya fara yi mata zafi wajen hantsi, wani irin zafi kamar an ajiye garwashi ƙarƙashin haƙarƙari. Takan ɗora kai a kan benci ta ji muryar malami tana nisa. A da, ta huɗu take zuwa a aji. Da aka ba da sakamako na gaba sai da ta sa yatsa ta bi layi har ƙasa kafin ta ga sunanta. Malam Yusha'u ya duba takardar ya ce wasa ya yi mata yawa.

Ran da ta faɗi a filin taron safe, wata malama ta rako ta gida. Inna Adama ta kai ta wurin mai kemis, ya tambaye ta mi take ci da safe, mi take ci da rana, ya saurari amsar, ya dubi Inna Adama. Ya ce gyambon ciki ne ke son kama ta, a riƙa ba ta abinci kan lokaci. Ya ba da wani farin magani na ruwa.

A hanyar dawowa Mashkura ta ce, "Inna, ki yi ma Baba magana."

"Ubanki na, don ke shike yi. Ɗiya nawa ag garin nan da akuya tasu ta kansu? Ni har anka kawo ni gidan nan ko kaza ba ni da."

Ta dai fara ajiye mata ɗumame in tuwo ya kwana. Sai dai tuwo ba ya yawan kwana a gidan da Khalid yake. Shi kuwa Malam ya biya kuɗin maganin ba tare da gardama ba, ya ce ba komai, in akuya ta haihu sai ya cire.

Akuya ta haihu, tagwaye, mace da namiji. Mashkura ce ta goge su da tsumma, ita ta riƙa ɗaga ƙaramin zuwa nono saboda ƙafafunsa ba su yi ƙwari ba. A ranta ta riga ta raba su: macen za ta bari ta yi yawa, namijin in ya tasa a sayar, ta samu kuɗin tara na shekara guda har da takalmi.

Da suka isa yaye, albasar Malam da ke fadama ta shiga lokacin shan ruwa, man fetur kuwa ya yi tsadar da injin ban ruwa ya fi mutum ci. Albashi bai shigo ba. Wata safiya Mashkura ta dawo daga ɗibar ruwa ta tarar macen ba ta nan.

"Aro niy yi," in ji Malam. "In an cire albasa sai in maida miki biyu. Albasar ma ai taku ta. Ni mi za ni yi da ita, da ita za a rufe ni?"

Bunsurun ya ɗan jima. Ya jima har ƙanwar Inna Adama ta haihu a Goronyo, aka rasa abin da za a kai gudummawa wanda zai fitar da mutum kunya. Inna ta zo ta zauna kusa da Mashkura, abin da ba ta cika yi ba, ta riƙa gyara mata ɗankwali.

"Ƙanwarki ta fa anka haifa. Kuma na ji ana cewa sunanki za a sa mata."

Aka ɗaure bunsuru a bayan mota aka tafi da shi. Jaririya ta ci suna Sharifa. Inna ta dawo wa Mashkura da cincin a ƙullin leda da gaisuwar mutanen Goronyo, waɗanda suka ce Allah Ya yi mata albarka, yarinya mai zumunci.

Aka cire albasa. Malam ya jibge ta a rumfa yana jiran farashi ya tashi, ba a sake tayar da maganar biyun da za a mayar ba. Mashkura ta shiga aji uku.

A farkon sanyi Khalid ya fita da yamma, abin sauraren waƙa a kunne, ya bar ƙofar gida a buɗe, akuya kuwa ta tsinke daga turke. Ba ta tsaya ko'ina ba sai lambun maƙwabcinsu Malam Sale, inda ya yafa irin albasa yana jiran dashe. Abin da ba ta ci ba ta tattake. Malam Sale ya janyo ta har ƙofar mai unguwa, mutane suka taru, aka aika kiran Malam Yusha'u.

Mai unguwa ya ce, "Malam, akuyarka ta yi ɓarna."

"Ranka shi daɗe, ba tawa ba ta. Kowa ya sani ta yarinya ta. Ni ko gashinta ban da shi."

Aka ƙiyasta ɓarnar, Malam ya biya nan take don a zauna lafiya da maƙwabci, jama'a suka yaba. Da ya shigo gida ya shaida wa Mashkura cewa kuɗin tararta na zango mai zuwa sun tafi lambun Malam Sale, na bayansa ma an ɗan taɓa. Ya ce wannan ma darasi ne, dukiya tana da daɗi tana kuma da nauyi. Yanzu ana bin ta bashin kuɗin da ba ta taɓa riƙewa a hannu ba. Khalid ya ce turken ne ba ta kafa da kyau ba.

Wata safiya, ba ɗumame, kunu kuma bai kai kanta ba, tana tsugune tana dama dusa. Ta zuba ruwan tsari da ɗan gishiri, ƙamshin gero ya taso mata. Ta duba hagu da dama, ta dunƙula kaɗan ta kai baki. Ba daɗi, yana kartar maƙogwaro, amma zafin cikin ya lafa har wajen tara. Washegari ta ƙara. Ya zama ita da akuya kwano ɗaya suke karyawa, ita ce dai take fara sa hannu.

Khalid ne ya gan ta. Ya yi dariya har da dafa bango, ya shiga ya ba da labari. Inna Adama ta fito ta ce mata ta rufa musu asiri kada maƙwabta su ji, sai ka ce ba a girki a gidan. Malam Yusha'u ya fito da buta a hannu, ya tsaya ya ƙare wa akuyar kallo daga kai har wutsiya.

"Shi ya sa," ya ce. "Ni ko nic ce bisar nan ta rage ƙiba."

Daga ranar aka mayar da buhun dusa ɗakinsa, shi yake aunowa.

Bayan wannan makaranta ta ce 'yan aji uku su kawo kuɗin rajistar jarrabawar fita da na hoto, wanda bai kawo ba kafin ƙarshen mako mai zuwa ba za a tura sunansa ba. Mashkura ta kai saƙon. Malam ya ce a jira albasa. Ta sake kaiwa, ya ce farashi bai nuna ba tukuna, wanda ya sayar yanzu ya yi wa 'yan kudu noma. A karo na uku ta ce, a hankali, to a sayar da akuyarta.

"A saida jari? Duk abin da nike koya miki ashe bayan kunne shike bi."

Ranar kasuwa ta sa kayan makaranta kamar kullum, ta jira babur ɗin Malam ya ɗauki hanyar Wurno, Inna ta shiga wanka. Ta kwance akuyar. Akuyar na da ciki kuma, tafiya take tana tsayawa. Mashkura ta bi da ita ta bayan gari har kara, inda ake cinikin dabbobi, wurin da ba ta taɓa shiga ba. Maza ne ko'ina, da ƙura da kukan tumaki. Ta tsaya gefe riƙe da igiya da hannu biyu.

Wani dillali mai jan rawani, Lawwali, ya zo ya buɗe bakin akuyar, ya matsa ƙugunta, ya shafa cikin.

"Ta wa?"

"Tawa ta."

"Na ji. Ta wa ta a gida?"

"Tawa ta, Baba. Da kuɗɗin tarata anka saye ta. Ni ka ba ta dusa."

Lawwali ya yi murmushi irin na wanda ya sha jin wannan. "Ɗiyata, nan ba a sayen bisa hannun yaro. In ta sata ta fa? Gobe a zo a kama ni. Ɗiyar wa ce ke?"

Ta faɗa. Ashe ya san shi, a hannunsa ma aka sayi akuyar. Ya ciro waya ya kira. Mashkura ta ji muryar ubanta ƙarama daga cikin wayar, ta ji Lawwali yana cewa Sallah ta matso, jar akuya mai ciki yau kamar zinariya take, akwai wani baƙo da ke neman irinta. Ya kashe wayar ya ce ta jira, yana tafe.

Ta jira cikin rana. Ta yi tunanin duka, ta shirya masa. Da babur ya tsaya sai ta ga fuskar Malam a sake. Bai ko harare ta ba. Ya gaisa da Lawwali, suka ja gefe da baƙon, aka yi ta sa hannu cikin hannu ana albarka ana ƙari, har aka sallama. Kuɗin sun fi abin da aka saye ta nesa ba kusa ba. Lawwali ya cire la'adarsa, Malam ya ƙirga sauran ya sa a aljihun gaba ya danne da hannu.

Baƙon ya kawo tasa igiyar ya zarga wa akuyar. Lawwali ya kwance tsohuwar, domin a kara ba a haɗa dabba da igiyarta, mai sayarwa ke komawa da abarsa. Ya duba Malam, ya duba yarinyar, ya miƙa mata.

"Riƙe. Wagga dai taki ta."

Akuyar ta yi kuka sau biyu, ta waiwayo, aka ja ta cikin garke.

"Kin gani?" in ji Malam. "Da awara kinka ci, yau mi za a saida?"

"Baba, jibi za a rufe rajista."

Ya yi ajiyar zuciya irin ta mai ɗauke da gida. Ya ce Khalid ma an ce ya kawo nasa kuɗin, kuma tasa ita ce babbar jarrabawa, wadda ake shiga jami'a da ita, ga shi bara bai samu ba, in ya sake rasawa ya zama abin magana a gari. Ita kuwa yarinya ce, tata jarrabawar kowace shekara ana yi, ba gudu take ba. In albasa ta yi kuɗi baɗi, ita ce farko.

Bai bar ta haka ba, don ba azzalumi ba ne. Ya tsaya wurin mai suyar awara ya ce a zuba ta ɗari biyu, ya miƙa mata. "Ci, dukiyarki ta." Sannan ya ratsa layin masu kaji ya zaɓi 'yar budurwar kaza, ya taya, ya biya, ya ce sabon jari ke nan, kaza ta fi akuya saurin yawa. Hatsin da za ta ci kuwa, mai kaza ta san da shi.

Mashkura ta hau bayan babur, kaza a hammata, igiya a hannu, ledar awara a cinya. Ba ta samu hannun ci ba. Khalid ya cinye da suka isa gida.

An rufe rajista ba sunanta. Da 'yan ajinsu suka shiga bitar jarrabawa sai ya zama ba ta da abin yi a makaranta, Inna ta ce ta zauna ta taya ta aiki kafin baɗi. Malam ya lura cewa tunda ba ta zuwa, maganar kuɗin tara ta faɗi da kanta, bashin Malam Sale kuma sai a jingina shi a kan ƙwai. Kazar ba ta saba da gidan ba, tana yawan fita, sai Mashkura ta ɗaure ƙafarta da igiyar akuya a tsohon turken. Igiyar ta yi mata kauri, sai da ta warware ta ta ɗauki sili ɗaya.

Da yamma Malam Yusha'u yakan zauna a majalisar mai shayi bakin titi, inda ake kukan tsadar rayuwa da yadda yaran yanzu ba su san darajar kuɗi ba. A nan yake ba da labarin tsarinsa, kuma ba ya ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya.

"Kusan shekara biyu ko kwabo ban ba ta a hannu ba. Amma yarinyar nan ta shayar da albasa, ta yi ma innarta biki a Goronyo, ta biya ma yayanta kuɗɗin jarrabawa. Ɗiya mace, shekara sha huɗu."

Majalisa ta jinjina. Malam Sale, mai lambu, wanda ke da 'yar ƙaramar ɗiya Tani da ta shiga firamare bana, ya matso da kofinsa.

"Malam, shekara nawa ya kamata a fara ma yaro?"

Malam Yusha'u ya kurɓi shayi, ya yi ɗan nazari.

"Da ta iya riƙe igiya," ya ce.